Murjanin Babanki Ya Yi Furfura

Zuwa ga jikata, wadda ta bar ƙasa ta koma kan ruwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen jirginku, musamman mai dafa muku abinci, tunda a hannunsa kuke. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da ta saba yi mini gardama. Tela ne yake rubutawa kamar kullum, ni ina faɗa. In kin ga magana ta karkace, hannunsa ne, bakina a miƙe yake.

Kin ce in riƙa ba ki labarin akwatin gilashin da kika bar mini amana a ɗakin baya. To ga labari. Fitilar nan mai shuɗin haske da ke rataye a kansa ta mutu kwana tara bayan tafiyarki. Ba wanda ya taɓa ta. Da safe ta yi ta ƙiftawa, kafin azahar ta yi shiru. Mai shagon kifi, wadda kika sa take zuwa canja ruwan gishiri duk mako, ta jujjuya ta, ta ce sai an aiko da irinta daga nesa, wata uku ko fiye. Ta maƙala wata 'yar ƙarama, wadda tela ya ce ko zare ba zai zura a allura da haskenta ba.

Kifayen nan huɗu ba ruwansu, ci kawai. Murjanin, duwatsun nan na ƙarƙashin teku, shi ne ya ɓata rai. Ƙananan sun tsuke, babban kuwa, na babanki, ya yi duhu kamar katakon da ya kwana a ruwa.

Ke ba ki san ranar da ya shigo gidan nan ba, don ba a haife ki ba. Ni na sani. Kakarki ta wajen uba da ni 'ya'yan wa da ƙani ne, shi ya sa da babanki ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta ce ya sauka wurina. Wata rana ya shigo da kwalba, a ciki wani abu bai kai gaɓar babban yatsa ba. Na ce, "Kai, da hankalinka za ka kiwata tsakuwa?" Ya ce, "Kawu, rai gare ta." Shekara ashirin da shida ke nan. Yanzu ta kai kan mutum har da hula. Shi ya tafi, Allah ya jiƙansa, ita tana nan tana girma.

Kin ce mini haske suke ci. To ni kafinta ne, shekara arba'in da wani abu ina rufa wa mutane gidaje, rufin ɗakin nan ma ni na buga shi. Kwano ɗaya ne tsakanin dutsen babanki da ranar Allah. In na cire shi na sa gilashi, wace fitila ce za ta yi gasa da ita? Ki ba ni amsa da wuri.

Kakanki.

*

Tsohona,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin hannun tela da jin bakinka. Ina lafiya, na daina amai tun mako na biyu. Mai abinci ya amsa gaisuwa, ya ce kai kaɗai ka san darajarsa. Gwiwa kuma ka riƙa shan maganin da likita ya ba ka, ba ajiye shi a aljihu aka ce ka yi ba.

Sau biyu a wata ƙaramin jirgi yake kawo mana wasiƙu, shi ya sa na makara.

Gaskiyarka, Kaka, rana ce asalin abincinsu, duk duniya ba fitilar da ta kai ta. A nan ina nutso ina ganinsu a gidansu, hasken yana sauka a kansu yana lilo. Amma don Allah kada ka huda rufin. Na Baba bai san rana ba, a ƙarƙashin fitila ya girma. Ka ɗauka mutum ne da ya shekara ashirin a ɗaki, ka fito da shi tsakiyar fili da tsakar rana. Kuma akwati ba teku ba ne, ruwansa kaɗan ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Ka riƙa duba ma'aunin zafin da ke manne a gefe, kada lambar ta wuce ashirin da bakwai.

Duhun da ya yi ba zai kashe shi a wata uku ba. Ka ce wa mai shago ta ƙaro ƙananan fitilu biyu, mu jira.

Ka ajiye zarto, tsoho. Na san ka.

Jikarka.

*

Jikalle,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, gwiwa ma ta ji kunya ta yi sauƙi.

Wasiƙarki ta iso ranar Laraba, ni kuwa na yi mako uku da huda rufin. Kada ki haɗe rai. Na jira kwana goma sha ɗaya, kullum dutsen yana ƙara duhu, ni kuma ban iya zama ina kallon abu yana lalacewa alhali ga kayan aiki a ƙarƙashin gado ba. Da tela ya karanto inda kika ce duk duniya ba fitilar da ta kai rana, na ce ya tsaya, ya maimaita. Sauran ma ya karanta, na ji. Tsoron 'yan makaranta ne.

Aikin ba na wasa na yi ba. Na cire kwano ɗaya, na yanka silin ƙafa biyu da ƙafa uku, na haɗa firam, na sa gilashi mai kauri, na liƙe gefunan yadda ko ɗigon ruwan sama ba zai shiga ba. Kafin in yanka sai da na yi kwana biyu ina bin rana da alli, na daidaita tagar yadda hasken zai sauka a kan ruwan da hantsi, ya koma bango kafin azahar.

'Yar nan, ban san yadda zan gaya miki ba, tela kuma ba shi da kalmomin. Da hantsi hasken ya shigo kamar an kafa ginshiƙi, ya nutse cikin ruwan, sai ɗakin gaba ɗaya ya kama motsi. Bango, silin, ƙofa, har gaban rigata, duk zaren haske ne yana rawa, yana tsinkewa yana ɗinkewa. Inuwar kifi ta bi ta kan fuskar tela ta wuce. Ɗakunan da na rufe a rayuwata sun fi ɗari biyu. Aikina ke nan, in hana sama shigowa. Ashe ban san abin da nake tare wa mutane ba.

Kwana uku, sai ƙananan suka buɗe. Wanda nake ɗauka ruwan toka ne, ashe kore ne, irin koren da ba a sayar da fentinsa. Wani yana da rassa, bakin kowane reshe shuɗi kamar an tsoma shi a tawada. Na ari tabaran tela na kai hancina jikin gilashi. Wallahi jikin dutsen babanki duk 'yan bakuna ne, dubbai, kowane an kewaye shi da 'yan yatsu da ba su kai gashin ido kauri ba, suna buɗewa suna rufewa. Ba iska, ba wanda ya taɓa su. Shekara ashirin da shida ina wucewa ta gabansa ina ce masa tsakuwa. Na tsaya a wurin ina ta ambaton sunan Allah.

Tela ya leƙo da wandon mutane a kafaɗa, wai minti biyu. Mai wandon ya gaji da jira a shago, ya biyo shi yana faɗa. Da ya shigo ɗakin sai ya cire takalmi ya nemi wuri ya zauna.

Ga kuma babban albishir. Tun makon jiya saman kan dutsen ya fara fari. Fari tas, kamar sabuwar auduga, in rana ta hau shi ido ba ya iya tsayawa a kai. Na ce wa tela, "Ka gani, ya warke har ya yi furfura, ya zama dattijo irina." Ya ce, "Shi dai tasa ta fi taka kyau." Kullum farin yana ƙara saukowa, abin sha'awa.

Lambar da kika ce, ina duba ta kowace safiya bayan shayi. Ashirin da shida, ba ta motsi. Mai shago ba ta gani ba tukuna, ta tafi wurin 'yarta da ta haihu, ta bar mini ruwan wata guda a jarkoki. In ta dawo zan so ganin fuskarta.

Kakanki, wanda kika ce ya ajiye zarto.

*

Kaka,

Ina fatan kana lafiya. Ka bar tela ya karanta wannan har ƙarshe, kada ka tsayar da shi.

Ka rufe tagar nan yau. Farin nan ba warkewa ba ne. Launin da ke jikinsa na wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin namansa, su suke karɓar haske su ciyar da shi. In haske da zafi suka yi masa yawa sai ya tofar da su. Abin da kake gani ƙashinsa ne, ta cikin fatar da ba komai a cikinta. Yunwa ke cinsa, Kaka, kana tsaye kana yaba masa.

Da azahar ake duba lambar, ba da safe ba. Da safe ruwan ya riga ya huce.

Wasiƙarka ta yi kwana goma sha shida a hanya, wannan ma haka za ta yi. Na zauna ina ƙirga kwanakin. Ka yi masa inuwa, ka kunna fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, ka nemo mai shago ko ina take.

Na roƙe ka kada ka huda. Rigunan Baba da takalmansa duk an rabar, ban ce komai ba. Wannan ne kaɗai abin da ya bari mai numfashi.

Jikarka.

*

Jikata,

Sallama. Lafiya ƙalau nake, kada ki damu da ni.

Tela ya karanta har ƙarshe. Ban tsayar da shi ba. Sau biyu shi ya tsaya da kansa.

Da ya gama na shiga ɗakin. Ƙarfe biyu ne na rana, lokacin da na saba kishingiɗa, ban taɓa leƙawa a wannan lokacin ba. Rana tana tsaye cak a kan ruwan, ba ta koma bango ba kamar yadda na auna. Na dafa gilashin, na ji kamar goshin mai zazzaɓi. Lamba talatin da ɗaya.

Zan gaya miki abin da ya fi ci mini rai. Ba rashin sani ba ne, da shi ne da na ji sauƙi. Ni na san rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. A gidan nan, watan da aka haife ki hasken yamma a bakin ƙofar kicin yake tsayawa. Watan da matata ta rasu har ƙafar gadonta yake kaiwa, ina jan labule don kada ya dame ta. Masu gida nawa na yi wa faɗa a kan inda za su sa taga saboda wannan? Amma na huda tawa da ranar wata guda. Na zauna ina kallon haske yana rawa a bango, na manta mai hasken tafiya take.

Ga halin da ake ciki, ba zan rage miki komai ba. Ƙanana biyu sun mutu, har da mai shuɗin baki. Na babanki farin ya wuce rabi. Gindinsa da gefen da ke kallon bango suna nan da launinsu, na ga 'yan yatsun suna motsi, amma a sanyaye.

Ranar na shimfiɗa tabarma a kan gilashin rufin. Sai na tuna kin ce haske suke ci, in na rufe ɗungurungum na kashe ragowar da duhu. Sai na riƙa yaye ta da sassafe in mayar kafin rana ta take. Tela ya ɗinka mini ragar sauro ninki uku, mun ɗaura a ƙarƙashin tagar, hasken yana saukowa a tace. Ni kuma na haɗa murfi na siraran katakai da igiya, ina ja daga cikin ɗaki ya buɗe ko ya rufe. Fanka tana aiki. Yau da azahar lamba ashirin da bakwai.

Mai shago ta dawo. Ta kalli dutsen, ta kalli rufin, ta kalle ni, ta ce, "Baba, kai da wa kuka yi wannan shawarar?" Na ce ni da kaina. Ta ce, "Ai da gani." Ki tambayi tela yaushe rabon da mace ko namiji su gaya mini magana in yi shiru.

Ban nemi ki yafe mini ba tukuna. Sai na ga abin da zan iya mayar miki.

Kakanki.

Ni ne tela, wannan bai san na ƙara ba. Kafin murfin ya haɗu kwana tara ya yi yana hawa tsani sau biyu a rana da gwiwar nan. A rana ta shida ya zame daga mataki na uku, ya bugu a haƙarƙari. Ba karaya, an duba. Ya ce in na gaya miki ya daina kawo mini ɗinki. Shekara goma rabonsa da sabuwar riga, don haka ba na jin tsoro. Ki yi masa magana mai sanyi, abinci ma sai na tsaya a kansa.

*

Tsohona,

Ina gaishe ka, ina gaishe da haƙarƙarinka. Kada ka harari tela, tsuntsu ne ya gaya mini. In ka sake taka tsanin nan, ni da kai ne.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta wata wasiƙar da ta fi waccan zafi, na yaga.

Makon jiya mun yi nutso a wani wuri da aka ce mana daji ne na murjani. Kaka, fari ne fat iyakar ganina, tafiyar rabin awa a ƙarƙashin ruwa. Ruwan wurin ne ya yi zafi bana. Ba wanda ya huda musu rufi. Kuma ka san abin da ya fara zuwa raina kafin hankalina ya dawo? Na ce kai, wannan abu da kyau yake. Ni da na yi karatun. Na fito na zauna a gefen jirgi na tuna da kai da furfurarka.

Ragar da murfin sun yi daidai, da ina nan ma abin da zan ce a yi ke nan. Yanzu sai haƙuri. Ka riƙa duba bakin iyaka, inda fari ya haɗu da launi. In launin yana hawa, yana mayar da ƙananan halittun da ya tofar ne. In gansakuka ta rufe wuri, nan ya tafi ke nan.

Abu ɗaya nake roƙo. Ko me ka gani ka faɗa mini yadda yake. Kuma ka ci abinci.

Jikarka.

*

Jikalle,

Sallama. Haƙarƙari ya warke, tsuntsun da ya kai miki gulma kuma yana nan zaune yana rubutu, kansa a sunkuye.

Kin ce in faɗa yadda yake. Wurin tsakiyar kan ya mutu. Gansakuka ta rufe shi, faɗinsa inci shida, na auna ta bayan gilashi. Mai shago ta ce wannan wurin ba zai farfaɗo ba. Ni na yi shi.

Amma saurara. Ranar da wasiƙarki ta zo na ja layi da fensirin aiki a jikin gilashin, daidai bakin iyakar. Kullum ina zama a kujera ɗaya, in rufe ido ɗaya, in duba. Farin da ke ƙasa da gansakukar ya fara ɗige-ɗige ruwan ƙasa, kamar an yayyafa masa shayi. Ɗigon ya haɗu da ɗigo, cikin wata guda launin ya dawo har bakin wurin da ya mutu. Na ɗauka nan zai tsaya. Bai tsaya ba, 'yar nan. Ya fara hawa kan mataccen. Wani siririn leɓe yake turawa, da sababbin bakuna a jere a kansa ƙanana ƙwarai, suna gini a kan ƙashin 'yan'uwansu. Ba guduma, ba ƙusa, ba hayaniya. Na yi aiki da magina iri-iri, ban taɓa ganin masu natsuwa irin waɗannan ba.

Kaurin tsinken ashana suke ci a wata. Mun lissafa da tela, kafin su haɗe a tsakiya shekara uku ne da wani abu. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Za ka kai?" Na ce ya ji da zarensa. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwata, don haka ba wanda zai ce mini na makara.

Yanzu ga maganar da ta sa na kira shi tun bai buɗe shago ba. Sabuwar fitilar ta iso jiya. Mai shago ta ce a rataya ta, a mayar da kwano, kowa ya huta. Ta ce rana ba ta da maɓalli, ni kuma ba kullum zan kasance riƙe da igiya ba. Ba ƙarya ta yi ba.

Ni kin san abin da raina yake so. Yanzu haka da muke rubutun nan hasken ya sauko ta ragar, ya yi laushi, bangon yana ta rawarsa a hankali, 'yan yatsun duk sun miƙo sama. Na bi rana da alli a ƙasan ɗakin tun daga ranar da na gane kuskurena, na san inda za ta kai wata mai zuwa da na bayansa. Ina ganin zan iya. Amma wancan karon ma haka na gani.

Dutsen ba nawa ba ne. Na yanka kwano daidai ramin, yana jingine a bayan ƙofa, na kuma yi magana da wanda zai hau ya buga, tunda an hana ni. Fitilar tana cikin kwalinta. Kafin nan ina jan igiyata safe da rana. Wanda kika ce shi za a yi. Ko wasiƙarki za ta yi wata biyu a hanya, a nan za ta same ni, a ƙasa.

Kakanki.